Ƙyauren da Baƙo Ya Rufe

"Mai gyaran me?" in ji Vern Linke, ya ajiye cokalinsa.

"Lif, Baba," in ji Merrin. "Abin nan da ke hawa da mutane saman bene."

"Na san lif, ai ba a rami aka haife ni ba." Ya juya ya ƙare wa saurayin 'yarsa kallo, daga gashin da ya sha mai har fararen takalman. "To yaro, a Callan Bay wa za ka hau da shi sama? Bene ɗaya gare mu, rumbun alkama, shi ma tantabaru ne suka kama haya."

Matarsa Glenys ta ɗaka masa tsumman goge kwano a kafaɗa. "Vern! Ka bar yaro ya ci abinci mana."

Ana gab da Kirsimeti ne, tsakiyar bazara a ƙasarmu, kicin ya ɗauki zafi, fanka sai juya ƙudaje take yi. Dario Ferrante ya taso daga birnin Adelaide da zobe a aljihu da magana ɗaya a baki: zai bar birni, ya auri Merrin, su zauna a gonar tumakin nan da ta gangara har bakin teku. Merrin ita kaɗai iyayenta suka haifa, kuma kowa ya san ba za ta iya barin gonar ba.

"Kowa na son garin nan a Disamba," in ji Vern. "Ka dawo a Yuli, iska na yanka kunne, kantuna a rufe, sannan mu yi magana."

"Zan dawo, Malam Linke."

"Za mu gani."

Duk shekara iyalin kan koma bukkarsu ta kwano a bakin ruwa su yi hutun Kirsimeti. Kafin su tafi, Vern ya buɗe ƙyauren da ke tsakanin makiyayar gaɓa, inda tumakinsa mata ke kiwo, da makiyayar sama, inda komin ruwa yake. Ya bar shi a hangame domin su riƙa hawa su sha. A wajenmu ko yaron goye ya san dokar: yadda ka tarar da ƙyaure, haka za ka bar shi. Ba a faɗa wa kowa, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai hankalin da bai sani ba.

Ranar Kirsimeti ƙanƙara ta ƙare a bukka. Dario, da neman suna a wajen suruki, ya ce shi zai je gida ya ɗebo. A dawowa ya ɓata hanyar rairayi, ya bi ta cikin makiyaya da a-kori-kura. Ya ga ƙyaure a buɗe, ga tumaki can ƙasa. Ya ce a ransa wani ne ya yi sakaci. Ya sauka, ya ja shi ya rufe, ya naɗa sarƙa da kyau, ya koma mota yana fito. Bai ma ga abin faɗa a ciki ba.

Sai iskar arewa ta taso, mai zafi kamar daga bakin tanda, ta ƙi kwantawa. A bukka kuwa ana ta cin ƙaguwa, abokan Vern na zuwa da giya mai sanyi, gwiwarsa kuma na ciwo. Merrin ta ji da kunnenta yana cewa, "Gobe na hau na duba ruwa." Washegari ma ta ji ya faɗa.

Ranar da ya hau, tare suka tafi. Tun daga nesa ta hango hankaki sun yi baƙi a kan shinge.

"Baba..."

Ya ƙara taka mota.

Tumakin sun taru a jikin ƙyauren, wasu a kan wasu, ulunsu ya maƙale a waya. Ga komin can a ɗaya ɓangaren, cike fal, ruwa har yana zuba ƙasa. Waɗansu sun gangara teku sun sha ruwan gishiri, suna kwance a kan rairayi ciki a kumbure. Masu sauran numfashi hankaki sun riga sun cire musu ido. Irin nan tun daga uban Vern ake tace shi, tunkiya bayan tunkiya.

Vern ya ɗauko bindiga daga bayan kujera. "Koma mota."

Ba ta koma ba. Ta riƙe kan kowace yana harbi, tana kuka, har harsashi ya ƙare ya ɗauko wuƙa.

Da yamma aka taru a kicin. Vern bai wanke hannu ba. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wani ɗan yawon buɗe ido ne. In na kama shi..."

"Ni ne," in ji Dario.

Glenys ta dafe ƙirji. "Wayyo ni!"

"Na gan shi a buɗe, na ɗauka mantawa aka yi. Wallahi taimako na yi niyya. Ka yi haƙuri, Malam Linke, duk abin da..."

"Taimako!" Vern ya miƙe, kujera ta kife. "Aikin ubana, aikin rayuwata, ka naɗe shi da sarƙa kana taimako! Fita daga gidana!"

"Baba, bai sani ba! Ba wanda ya gaya masa, ni ma ban gaya masa ba!"

"Ke kuma saurara. Kin girma, ba mai hana ki aure. Amma ranar da kika auri wannan, ƙafarki ta gama taka gonar nan. Na sayar da ita ga masu gina gidajen hutu, na huta!"

Ta bi Dario waje da gudu, yana cusa jaka a mota. Hawaye ya wanke mata fuska, amma idonta ja wur.

"Ba kai kaɗai ba ne! A zafi irin wannan kullum ake duba ruwa, kullum! Da ya hau washegari, ko ɗaya ba za ta mutu ba. Yana zaune yana shan giya! Yanzu zan koma na faɗa masa a gaban Mama!"

Ya riƙe hannunta. "Kar ki fara."

"Dario, gaskiya ce fa!"

"Na ji. Amma hannuna ne ya ja ƙyauren. Mutumin nan yau ya yanka tumakinsa da wuƙa, kina so ki ƙara masa? Don Allah, Merrin. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa, tana shessheƙa.

Bai koma Adelaide ba. Ya kama hayar wata tsohuwar tirelar kwana a sansanin 'yan hutu, ya sami aikin wanke akwatunan kifi a tashar jiragen masunta. 'Yan birni suka kwashe yaransu da laimominsu suka tafi, mai askirim ya rufe shago, sanyi ya sauko da ruwa mai zuwa a karkace. Shi dai yana nan.

Mutanen Callan Bay kuwa ba su iya barin abin dariya ya lalace ba. Suka raɗa masa suna Maigadi. "Maigadi, na bar ƙofar ban ɗaki a buɗe, taimaka!" Yara na yi masa kukan tunkiya a titi. Wata safiya ya tashi ya tarar wani shaƙiyyi ya naɗe ƙofar tirelarsa da sarƙa ta waje, naɗin ƙwararru kuwa, sai ta taga ya fito. Uwarsa na bugo waya daga birni tana kuka: "Dario, me ka rasa? 'Yan mata sun ƙare ne?" Hannayensa suka tsattsage da ruwan gishiri, ya rame har wandonsa na zamewa.

A gida kuma shiru ya zauna. Vern ya daina sauraron rediyo, ya daina zolayar Glenys. Merrin na aiki tare da shi daga safe zuwa yamma, ba ya ce mata komai sai "miƙo filaya" da "kira kare". Sau da yawa maganar kan taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye.

Wata Lahadi ta sami Dario a tirela yana tari, bokiti na tarar ɗigon rufi. Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

"Na gaji. Mu tafi Adelaide, mu yi aure a ofis, shi ke nan. Ya sayar da gonar, ya ci."

"Ke? A bene hawa na tara, ba kare, ba tunkiya?" Ya yi dariya, tari ya katse shi. "Wata biyu za ki yi ki tsane ni."

"To sai yaushe?"

"Ban sani ba, bebi. Ni dai ya ce na dawo a Yuli, ga ni."

Ranar Asabar ƙungiyar ƙwallon garin ta sha kashi a gida, kamar kullum, kowa ya dunguma ɗakin kulob yana ɗiga. Merrin na bayan teburin abinci tana sayar da fanken nama. Vern na kusurwarsa da kofi a hannu. Dario ya shigo, don shi ke wanke rigunan 'yan wasa, aikin da kowa ya ƙi.

Col Maddern, mai sayar da taki, wanda bakinsa ya fi shagonsa girma, ya ɗaga murya. "A rufe ƙofofi, ga Maigadi! Kai yaro, tumaki nawa ne ma? Faɗa mana mu sha don su!"

Aka kwashe da dariya. Dario ya yi murmushi ya ci gaba da tattara riguna.

Col ya dafa kafaɗar Vern. "Ni dai abin da nake gaya wa mutane, Vern Linke bai taɓa rasa dabba da ƙishi ba. Mutumin da ko ranar aurensa sai da ya duba ruwa! Sai da aka kawo masa sakaran birni har gida."

Merrin ta buɗe baki za ta yi magana. Ta kalli Dario, ya girgiza mata kai kaɗan. Vern ya ga wannan girgizawar. Ya kalli 'yarsa, ya kalli yaron, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta yi fari fat.

"Cire hannunka, Col."

Col ya janye hannu. Vern ya juya ya fuskanci jama'a.

"Yaron nan ya rufe ƙyaure, gaskiya ne. Minti ɗaya ya yi yana kuskurensa. Ni kuwa kwana da kwanaki na yi ina nawa." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Ban duba ruwa ba. Ina bukka ina cin ƙaguwa, da kai Col, da giyarka. Da na hau ko sau ɗaya, da suna nan. Na sani tun ranar. Ashe shi ma ya sani, ya bar ku kuna yi masa kukan tunkiya wata da watanni, bai buɗe baki ba."

A garin manoma, wannan magana ta fi tsirara a kasuwa.

Vern ya ajiye kofi, ya tako yana ɗingishi har gaban Dario. Bai rungume shi ba, ba a yin haka a nan. Ya kalli tsattsagaggun hannayen kawai.

"Litinin za mu yanke wa 'yan raguna wutsiya. Aikin jini ne, za ka yi amai."

"To, Malam Linke."

"Kira ni Vern," in ji shi. Ya juya wajen Merrin. "Ke kuma daina kuka a kan abincin mutane. Je ki gaya wa uwarki ta nemo ranar da coci ba kowa."

Aka ɗaura auren bayan girbin alkama, ba wani taro mai yawa. Garken bai dawo yadda yake ba, kuma ba zai dawo a rayuwar Vern ba. Tsohon ya rusuna tun daga ranar kulob ɗin, ya daina zama a kusurwarsa, akwai ma waɗanda har gobe ba sa ɗaukar shawararsa a kan dabba. Ya san haka za a yi kafin ya buɗe baki, ya buɗe.

Ku 'yan baya masu saurin cewa "ai ba laifina kaɗai ba ne", ku duba nan. Dario yana da gaskiyar da za ta wanke shi rana ɗaya, ta kuma raba 'ya da ubanta har abada. Ya ɗauki nasa kason laifin, ya bar wa tsoho nasa har ya iya ɗagawa da kansa. Haƙuri irin wannan yana cin jiki, yana cin suna, amma shi ya ba Merrin miji bai ƙwace mata uba ba.