Jitar Baba Benjamin

"Gyara na ce maka, Wilson, gyara. Wa ya ce ka fafe ta?"

Damaris ce tsaye a shagon gyaran rediyon Wilson a Nasarawa, hannu a ƙugu. Ga jitar babanta kwance kan tebur, an yanke mata rami a ciki kamar bakin tulu. Wilson ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce ya riƙe abinsa, ta tare Keke Napep ta koma gida Romi.

To, ga gindin maganar. Wata takwas ke nan da ta kawo masa lasifikar cocinsu gyara. Aikin minti goma ne, amma yaron nan ya sa ta yi sawu uku, kullum wai saura wata waya. Ita ma gwanar, ba ta taɓa tambayar wace waya ba. Daga nan ta zama Dami, shi ya zama Injiniyana.

A gida kuwa ba a yi na'am ba. Anti Vicky, ƙanwar babanta, ta riga ta ajiye mata Tony, mai kaɗa kibod a coci, mai mota a Barnawa. Baba Benjamin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shekara ashirin da shida ya yi cikin ƙarar injinan masaƙa, aka rufe ta, ya fito da rabin kunne. Jitar da yake kaɗa wa mawaƙan coci ma ya rataye ta, ya ce yatsunsa na aiki amma ba ya jin abin da suke faɗa. Damaris ta ɗauke ta a ɓoye ta kai a liƙe mata tsagewa, don Wilson ya samu shiga wurin tsohon. Ga irin shigar da ya samo.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Dami, na yi laifi da ban tambaye ki ba. Amma ko na liƙe tsagewar, Baba ba zai ji ta ba. Ba ni kwana huɗu. In ya yi fushi, ni zan tsaya gabansa, ba ke ba."

Sau biyar ta karanta, sannan ta amsa: "Kwana uku, Injiniyana. Kuma ban huce ba."

Yaron fa Allah ya ba shi hannu. Ya samo kwanon alminiyam marar kauri, ya yi ta bubbuga shi da ƙaramar guduma har ya ɗauki amo, ya kife shi cikin ramin bisa zoben katako. Ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa ya dasa shi a gindin kwanon, yadda duk motsin tsirkiya kan ƙarfe zai sauka. Ya rufe da murfin tukunya da ya huhhuda da ƙusa, ya goge shi har yana ɗaukar ido.

Ran Lahadi bayan sujada ya kawo ta Romi. Anti Vicky ta riga ta ji labari, ta zo ta kafa kujera. Tana ganin murfin ta ɗaga murya yadda yayanta zai ji, ta ce ga wanda ake so a ba 'ya, mai mayar da jita tukunyar miya.

Baba ya daɗe yana jujjuya jitar, fuska ba fara'a. Damaris ta damƙe labule. Can ya ɗora ta a cinya, ya ja tsirkiya ɗaya. Amon ya tashi da kaifi kamar ƙararrawa, har kajin tsakar gida suka watse. Ya sake ja. Sai ya kama wata tsohuwar waƙar sujada, ya kai tsakiya, ya tsaya, ya murɗa tsirkiya ta uku.

"Wannan ta sauka," in ji shi.

Damaris ta rufe fuska da labulen tana kuka. Rabon Baba da ya ji sauti ya kauce, shekara tara.

Ya dubi Wilson. "Kai ka yanke ta?"

Wilson ya durƙusa kusa da kunnensa mai ɗan ji. "Ni ne, Baba."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ban tambaya ba, Baba. A yi haƙuri."

"To, 'yata kam sai ka tambaya. Ka turo manyanka ran Asabar a sa rana. Ubangiji ya albarkace ku."

Ya sunkuya ya ci gaba da waƙarsa daga inda ya tsaya. Anti Vicky ta suri jakarta, ta ce a gidan nan ba a san darajar mai mota ba, kuma kada wanda ya kawo mata ankon biki in ba mai tsada ba. Ta fice ta buga ƙofa har kalanda ta faɗo.