Waƙar Sabulun Balbela

Duk wanda ya yi wayo a Mafara zamanin aikin dam na Bakolori ya san waƙar nan. Ni kuwa na san Barau tun kamfaninsa na talla bai wuce keke da lasifika mai tari ba. Ma'aikata na ɗibar albashi, 'yan kasuwa na neman mai yi musu shela, amma ba mai kiransa. Da masu sabulun Balbela suka zo neman talla, Barau ya rantse ko ta halin ƙaƙa shi zai samu.

Da rana tsaka ya je wajen wani boka a dajin Maradun, cikin kogon kuka. Harsunan tsuntsaye busassu na reto a jikin zare. Akwai wani tulu da jini ya daskare a bakinsa, ƙuda bai sauka kansa.

"Waƙa nika biɗa, wadda kunne ba ya saki," in ji Barau.

"Ruwan dam na tahe, zai ci wurin ga," in ji boka. "Mutanena na ɓoye na biɗar masauki. In zuba ma su cikin waƙa?"

"Mi za su ci?"

"Kowa ya rera, lahiya. Amma bakin da ya rera ta cikin iyalinka, nasu ne."

Barau ya yi dariya. "Gidana ni ad da iko."

Boka ya yanke harshen baƙin zakara ya jefa a tulu, ya shafa jinin a lasifika. Sai wata siririyar murya ta taso daga ciki: "Balbela fari tas, wanke ki huta, wanke ki huta."

Kafin kaka waƙar ta cinye Mafara da Bakura. Mata na daka da ita, direbobin tifa na fito da ita. Masu sabulun salo suka naɗe tabarma, sauran masu shela suka koma yaran Barau. Ya sayi motoci, ya buɗe ofis, attajiran Sakkwato na jiransa a benci.

A gida kuwa ya farfasa rediyo, ya hana biki, ya hana baƙi. Mahaifiyarsa Turai, mai nauyin ji, ya kai ta ƙauyen Garbadu. Amma wa ya taɓa katange iska? 'Yarsa Kaltumi ta dawo daga rijiya tana rerawa. Ya mare ta, ya ɗaure mata baki da ɗankwali, waƙar ta ci gaba ta hanci. Ba ci, ba barci, har maƙogwaro ya fashe da jini ta cika. Uwarta Taiba na wanke kayan marigayiya, ta ga kumfa, sai ita ma ta ɗauki waƙar. Har na bar garin tana yawo kasuwar Bakura tana yi, ba zane a jikinta.

Barau ya roƙi masu sabulu a janye tallar.

"Alhaji, mun daɗe da janyewa," suka ce. "Mutane ke yi mana kyauta."

Ya koma Maradun. Ruwa ya shafe kukar, ko reshe babu.

Saura Turai, wadda ba ta taɓa jin waƙar ba. Da ciwon ajali ya kama ta, Barau ya je ya durƙusa gabanta yana kuka.

"Laƙƙana min kalma, Barau," ta ce. "Matso, ban ji da kyau."

Ya kafa baki a kunnenta don ya ba ta kalmar shahada. Abin da ya fito shi ne: "Balbela fari tas..."

Tsohuwa ta yarda da ɗanta. Ta maimaita, wanke ki huta, ta cika a kai.

An tsinci Barau bakin dam ya datse harshensa da aska, amma maƙogwaron na yi. Ban ji tausayinsa ba, Turai nake wa kuka. Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Abin da ka sako wa duniya don ka ci riba, ya san hanyar gidanku.