Jan Gargaɗi a Shafin Mai Takalmi

Ranar da ya fara ganinta, a fusace ya shiga ofishin kamfanin da ke ajiye masa shafinsa na intanet. Takalman fata yake ɗinkawa yana sayarwa ta shafin, ga shi kwana uku duk wanda ya buɗe sai jan gargaɗi ya tare shi cewa shafin ba amintacce ba ne.

"Na sayo satifiket ɗin tsaro a wani kamfani, na saka ya ƙi zama!"

Aka nuna masa teburin ƙarshe, kusa da taga. Budurwar da ke wurin ta ɗago kai.

"Za... za... zauna."

In'ina gare ta mai tsanani, shi ya sa ba ta yawan magana. Ta buɗe fanel, inda ake sarrafa shafin, ta nuna masa akwatuna uku: na satifiket, na makullin sirri, da na shaidar kamfanin da ya sayar masa. Na farko kawai ya cika. Ta liƙa kowanne a gurbinsa, ta danna. Jan ya ɓace, ɗan kwaɗo, alamar tsaro, ya fito a saman shafin.

Shi kuwa ita yake kallo.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Injiniya, oda biyu sun faɗo. Lamba nawa ƙafarki take sawa?"

"Talatin da takwas. Amma ba na karɓar cin hanci, Mai Takalmi."

Ya ɗinka mata takalma ruwan ƙasa, masu taushi. Daga nan saƙo ya zama abincinsu. A rubuce ba ta tuntuɓe, har tsokanarsa take yi.

"Sanyin idona, yaushe zan kai ki wurin Umma?"

"Tsoro nake ji."

"Ina tare da ke. Ba mai taɓa ki."

Umma ta karɓe ta a falo, Yayarsa na gefe tana latsa waya. Injiniya ta durƙusa za ta gaishe su, kalmar ta maƙale.

"Kafin ki gama ai shayin ya huce," in ji Umma.

Yaya ta kwaikwaye ta, "I... i... ina wuni," ta tuntsire da dariya.

Umma ta dubi ɗanta. "Duk matan duniya ka rasa sai wannan? Ni ba za a cika min gida da jikoki masu sarƙe harshe ba. Ga ƙawar Yayarka nan, baki kamar rediyo."

Ya sunkuyar da kai.  Duk da haka a hanya ya rantse mata ba zai fasa ba, ta kuma yarda.

Bayan mako biyu, ranar da ya tallata sababbin takalma, jan gargaɗin ya dawo. Masu saye suka watse. Yaya, wadda ke duba masa oda a shafin, ta same shi a shago.

"Wa ya san cikin abin nan in ba mai in'inarka ba? Lalatawa take yi don ka riƙa bin ta. Ka zama tunkiya, ƙanina."

Ya kai ƙararta ofishinsu, sannan ya kira ta shago. Ta zo da murmushi, sanye da takalmansa. A gaban ma'aikatansa ya juyo mata da kwamfutar.

"Me na yi miki?"

"Ba... ba... ba..."

"Ki faɗa mana! Ko mu dawo gobe?"

Masu ɗinki suka fashe da dariya. Ta tsaya tana kallonsa har dariyar ta mutu. Sannan ta cire takalman, ta ajiye a kan teburin yanka fata, ta fita da safa.

Washegari da hantsi ta turo masa hoto da saƙo: "Fanel yana rubuta duk wanda ya shiga. Saboda ƙararka ofis ya bincika. Jiya ƙarfe tara da kwata, da sunan Yaya aka cire satifiket ɗin. Na mayar, aikina ne. Na rubuto maka ne tunda ba ka da haƙurin jira."

Ya karanta a tsaye, nan take ya shiga tura mata saƙo.

"Injiniyata, ki yafe min."

"Ko zagina ne ki yi."

Wata huɗu ba amsa. Ya je gidansu, babanta ya tare shi a bakin ƙofa.

"Kai ne ka tara mutane suka yi wa 'yata dariya? Tun tana shekara biyar nake jiran ta gama magana, ban taɓa gajiya ba. Kama hanya."

Sau shida yana komawa, ba a taɓa ba shi kujera ba. A na bakwai wayarsa ta yi ƙara yana tsaye a rana, saƙonta ne.

"A inda ka kunyata ni, a nan za ka wanke ni. Har da Umma da Yaya."

Ya tara su a shagon. Ya karanta abin da fanel ya rubuta, da lokaci da suna, ya ce, "Ƙarya aka yi mata, ni kuma na wulaƙanta ta. Ita zan aura, in ta yarda." Yaya ta ɗauki jakarta ta ce daga yau ba ta da ƙani. Umma ta bi bayanta.

Injiniya ta yarda, amma sai da ta ƙara masa wata biyu.

Ranar ɗaurin aure Yaya ba ta zo ba. Baban amarya ya riƙe hannun ango da ƙarfi har ya ji zafi, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. In ka ƙara, ni da kai ne."

Umma ta zo a makare, ta zauna nesa. Da amarya ta durƙusa a gabanta, ta daɗe tana kallon bango kafin ta ɗora mata hannu a ka.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Tashi, ƙasan da sanyi. Kuma ki riƙa cin abinci, duk kin rame."