Ƙararrawar Marigayi

Sufeto bai kai rabin kofin shayinsa ba, Saje ya leƙo ofis ya ce an yi sata a hedikwatar jam'iyyar 'yan mazan jiya.

"Me ya rage musu da za a sata?" in ji Sufeto. "Ba sun sha ƙasa ba?"

"Ƙararrawa ce, Yallaɓai."

Sufeto ya dube shi ta saman tabarau. Shi mutum ne da ba ya son 'yan siyasa, ba ya kuma son hawa bene saboda gwiwarsa, ga shi yau an haɗa masa duka biyun.

A mota Saje ya warware masa zance. Jam'iyyar ta sha kaye a zaɓen da ya wuce, irin kayen da ko a unguwar Shugabanta ba ta kai labari ba. Yau ne babban taron da za a yanke ko dattawa su ci gaba da riƙe ta, ko a miƙa wa matasa. Jagorar matasan kuwa lauya ce, kowa Barista yake ce mata, kuma 'yar Shugaban ce ta cikinsa.

"To ina ruwan ƙararrawa?"

"Ta kakanta ce, marigayin da ya kafa jam'iyyar. A dokarsu taro bai buɗu ba sai ta yi ƙara a cikin zauren. In rana ta faɗi yau ba a buɗe ba, dattawa sun zarce wani wa'adin."

Harabar hedikwatar cike take da wakilai, sun rabu gida biyu suna hararar juna. Ba wuya a gane dattawa, don kowannensu da shuɗin hankici mai tambarin jam'iyya a aljihun gaba. A saman bene Sakataren jam'iyya ya tarbe su, wani siririn dattijo mai ladabi, gumi na keto masa yana sharcewa da bayan hannu.

"Ni na fara gani, ranka ya daɗe," in ji shi. "Na shigo shirya kujeru na tarar da wannan ɓarnar."

A gaban zauren akwai akwatin gilashi a kan teburi, an fasa samansa. Kusa da shi ga wata tsohuwar kujera da ba mai zama a kanta tun rasuwar marigayin. A kan kujerar an ajiye mayafin da ake rufe akwatin da shi, an ninke shi uku tsaf, tambarin yana kallon sama.

Sufeto ya leƙa cikin akwatin. Fasassun gilasai sun baje ko'ina, har a tsakiyar da'irar da gindin ƙararrawar ya bari.

"Saje, in ka fasa gilashi a kan kwano, ka ɗauke kwanon, me za ka gani a inda yake?"

"Fili, Yallaɓai."

"To nan babu fili. Sai da aka cire ta aka fasa. Wa ke da makulli?"

"Ni da Shugaba," in ji Sakatare. "Amma na Shugaba a gida yake kwana, kuma Barista ba baƙuwa ba ce a gidan. Ban so in faɗa ba, a hannuna ta girma. Na ga motarta a nan da sassafe."

"Me zai sa ta sace abin da take bukata?"

"Don ta ce mu muka ɓoye, ta kai mu kotu. Ai ka san lauyoyi."

Sufeto ya tura Saje ya binciki motocin da ke harabar, shi kuma ya sauka yana tsine wa wanda ya gina benen. A ƙasan ginin akwai shagon tela. Telan ya cire allura daga baki ya ce lallai ya ga Shugaba ya hau da safe, Barista ta bi bayansa. Bayan sun sauko sun tafi da ɗan jimawa ya ji tartsatsin gilashi.

"Ƙararrawar fa, ka ji ta?"

Tela ya yi dariya. "Yallaɓai, wannan abar ko kuskuren taɓa ta aka yi sai an ji ta a bakin titi. Ranar taronsu har ɗinki nake karkatawa. Yau ko ƙis ban ji ba."

Sufeto ya tsaya a ƙofar shagon yana tunani. Ɓarawon da bai damu da ƙarar gilashi ba, amma ya hana ƙararrawa motsi.

Ya sa aka kira Barista zauren. Ta shigo da sauri, mace mai kaifin baki, idanunta sun nuna ba ta yi barcin kirki ba.

"Kin zo nan da safe?"

"A'a. Daga gida ofishina na wuce."

"Mutum biyu sun gan ki."

Ta kau da kai gefe.

"Barista, ke lauya ce, ba sai na karanta miki ba. Ga shaidu, ga makulli a gidanku, ga ƙarya a bakinki. In na sauka benen nan da ke, taro ya wuce ki, kuma da wuya ki sake tsayawa gaban alƙali sai dai a akwatin masu laifi. Me ya kawo ki?"

"Ba zan faɗa ba."

Sufeto ya ɗauki mayafin ya warware, ya yi kamar ya suɓuce masa. "Taimake ni da wannan, gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

Ta ɗauko shi da yatsu biyu, ta dunƙule ta cilla kan teburi. "Irin tarkacen nan ne suka kayar da mu. Matasa na neman aiki, mu muna goge tagulla."

Sufeto ya ce ta jira a waje kada ta yi nisa. A ransa ya riga ya sallame ta, amma ran Sufeto ba hujja ba ne a kotu.

Shugaba yana ofishinsa, ƙaton dattijo ya cika kujera, ya haɗe rai kamar wanda aka zo karɓar haraji wurinsa.

"Ka ga 'yarka yau?"

"Ban gan ta ba."

"To shi ke nan. Zan tafi da ita caji ofis."

Sufeto ya miƙe a hankali, ya ba shi duk lokacin da gwiwar ta bayar. Har ya kama marfin ƙofa, dattijon bai tsayar da shi ba. Abin ya ba Sufeto haushi ƙwarai, don shi ma uban 'ya'ya mata ne.

"Ranka ya daɗe, yarinyar can ta zaɓi ta kwana a sel da ta tona maka asiri. Ban san asirin ba, amma na san ba a wajenka ta gaji wannan karamcin ba."

Shugaba ya sunkuyar da kai. "Dawo ka zauna," in ji shi.

Ya ce shi ya kira ta. Sun zauna a nan, ta yi ta ba shi baki har ya yarda zai sauka da kansa a gaban taro, ya ɗaga hannunta. Ya roƙe ta kada kowa ya ji kafin lokacin, don abokan tafiyarsa za su ce ya sayar da su.

Sufeto ya ƙwanƙwasa bangon da ke bayansa. Falanki ne, ba siminti ba. "Ofishin wa ke nan?"

"Sakatare."

"Wa ke ninke mayafin ƙararrawa?"

"Aikin Sakatare ne tun zamanin mahaifina. Ni ko ninkin ban iya ba."

"Me ya sa mutum zai ji tsoron ta yi ƙara?"

Shugaba ya dube shi kamar ya tambayi abin da yaro ya sani. "In ta yi ƙara a zauren ai taro ya buɗu, ko wa ya kaɗa ta, ko da mutum ɗaya ne a ciki. Ba a yi mata wasa. Ba ta taɓa ƙasa, ba ta fita daga ginin nan."

Saje ya dawo yana haki, ya ce ya buɗe but ɗin kowace mota bai ga komai ba sai ragowar fastocin zaɓe.

"Ka bar motoci," in ji Sufeto. "Tana cikin ginin nan. Ka duba sama, kan kabad, saman kantar kaya, duk inda ya fi kanka tsawo."

Rana ta fara karkata lokacin da Sufeto ya sa aka shigo da wakilai zauren. Matasa suka zauna hagu, dattawa dama. Barista ta tsaya jikin bango ita kaɗai. Sufeto ya ɗauki dunƙulallen mayafin ya miƙa wa Sakatare ba tare da ya dube shi ba, kamar wanda ke neman inda zai sa takardunsa.

"Riƙe min wannan. Ka ce mota ka gani?"

"Ita, ranka ya daɗe. Fara, mai lotsattsen gefe."

Bakinsa na magana, hannayensa na aikinsu. Ya karkaɗe mayafin, ya ninke uku, ya shafe shi da tafin hannu, ya ɗan rusuna ya ɗora a kan kujerar marigayi, tambari a sama.

"Haka na same shi da safe," in ji Sufeto. "Ɓarawo ya fasa gilashi, amma ya tsaya ya girmama mayafi."

Sakatare ya dubi hannayensa.

"Tun safe kake sharce gumi da hannu, Malam. Duk dattawan nan da hankicinsu. Ina naka?"

Kafin ya amsa, Saje ya shigo rungume da ƙararrawar. Ya ce a ɗakin ajiya ya same ta, can saman kabad, an shimfiɗa mata matashin kujera. Ya karkata ta kowa ya gani. An naɗe ƙarfen da ke lilo a cikinta da shuɗin hankici.

Sakatare ya nemi kujera ya zauna.

"Ni ne," in ji shi. "Na ji su ta bango. Na ji Shugaba yana cewa zai sauka. Na jira suka tafi."

"Kawu," in ji Barista, "kai ka fara kawo ni zauren nan a kafaɗarka. Ni za ka sa a ɗaure?"

"Ban yi nufin a ɗaure ki ba, 'yata. Rana kawai nake so ta faɗi." Ya share fuska. "Kin ce za ki sauya tambari, ki kai ƙararrawa gidan tarihi. Ni ban da gona, ban da shago. Ƙuruciyata duk a nan na zubar. In kin kwashe waɗannan, me ya rage da za a ce jam'iyya?"

"Mutanen da suka daina zaɓenmu, Kawu. Su nake nema."

Sufeto bai zo sauraron muhawara ba. Ya gaya wa Sakatare laifinsa, sata da ɓarna da ba 'yan sanda bayanin ƙarya, ya ce ya tashi su tafi. Bai sa masa ankwa ba.

"Ƙararrawar fa?" in ji Shugaba.

"Shaida ce. Da ita za mu tafi, sai kotu ta sallame ta."

Wani dattijo a dama ya yi murmushi ya dubi taga, inda rana ta yi ja. Barista ta runtse ido. An wanke ta, amma taron ya tafi.

Sufeto ya dubi agogo, ya dubi Saje. "Wannan hankicin shaida ce ta daban. Cire shi ka sa a leda, kada su cakuɗe."

Saje mutum ne mai bin umarni. Ya warware hankicin, ya cusa a leda, ya saɓi ƙararrawar a kafaɗa kamar buhun siminti.

Ƙarar ta cika zauren, ta fita ta taga har bakin titi.

Kafin kowa ya yi tunani, wakilai duka sun miƙe tsaye, dattawa da matasa, har da mai murmushin. Sakatare yana bakin ƙofa, hannun Sufeto a kafaɗarsa. Ya tsaya cak. Duk zauren shi ake kallo, don bayan ƙararrawa maganarsa ce ke biyowa, kuma ba wanda ya taɓa faɗinta sai shi.

Ya juyo, ya gyara wuyan rigarsa, hawaye na bin kumatunsa.

"An buɗe taro," in ji shi.

Sufeto ya kama hannunsa suka fara sauka, a hankali, mai ciwon gwiwa da mai ciwon zuciya. A bayansu suka ji Shugaba yana gyaran murya, yana kiran 'yarsa ta matso gaba.