Makunnin Ɗakin Tagwaye

Ƙas... ƙas... ƙas...

Firgigit Yaya ta farka. Fitilar ɗaki na kawowa tana ɗaukewa, ga Auta tsaye jikin bango, yatsanta a kan makunni.

"Auta, me kike yi haka?"

"Nawa makunnin nake nema, Yaya. Wanda likita ta ce ya maƙale."

Tagwaye ne, kamarsu ɗaya har ɗan baƙin tabon da ke ƙasan ido. Su kaɗai suka rage a gidan bayan rasuwar mahaifiyarsu, tun daga nan kuma Auta ta daina ci, ta daina magana, sai kallon rufi. A asibitin ƙwaƙwalwa Yaya ta tambaya ko ita ma tana hanya.

Likita ta ce, "Ƙwayoyin gadonku iri ɗaya ne, kamar gida biyu da aka ja musu wayar wuta iri ɗaya. Amma ƙwaƙwalwa ba ta kunna su duka. Wasu a kunne, wasu a kashe, baƙin ciki kan taɓa makunnin. Shi ya sa magani ke ɗaukar makonni, lallaɓa su yake yi. Naki kuwa ba zan rantse ba, amma ba dole ba ne."

Yawan dannawa ya ƙona makunnin, aka kira mai gyaran wuta. Ya sauya shi, ya dinga dawowa wai yana dubawa.

"Malam, wutar nan fa lafiyarta ƙalau," in ji Yaya.

"Na sani, ranki ya daɗe. Ni ne ba lafiya."

Ta yi dariya har zare ya kuɓuce daga keken ɗinkinta. Rabonta da dariya ta manta.

Ba ta ɓoye masa ciwon Auta ba, har maganar likita ta faɗa masa. Ya ce, "Ko gidan duhu ne zan shiga, rabin raina."

Sai dai maƙwabciyarsu, mai 'ya budurwa a ɗaka, ta riga su zuwa wurin mahaifiyarsa.

"Hauka a jininsu yake, ki yi wa jikokinki tunani!"

Tsohuwa ta ce sai ta gani da idonta.

Ranar da suka zo, Yaya ta kwana ɗinki, ta fita karɓo magani. Lokacin kuwa magani ya fara kama Auta. Ta yi wanka, ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ta kawo ruwa, hira har da tafawa. Can sai ga Yaya ta faɗo, ido jajir, ɗankwali a karkace, takalmi wari da wari, tana maimaita ƙa'idar shan magani ita kaɗai don kada ta manta.

Tsohuwa ta riƙe hannun Auta gam.

"Wannan kam 'yata ce! Allah sarki... waccan ce marar lafiyar ko? Ai daga ido ake gane su."



Daga bakin ƙofa ɗanta ya ce, "Mama... waccan ce nake so."

"Ni ce mai shan magani, Mama," in ji Auta.

A hankali tsohuwa ta saki hannun, ta goge nata a jikin mayafi.

"In ni da tsufana ban bambance ba, ina bambancin yake? Wuce mu tafi."

"Ka faɗa mata mana!" Hawaye ya ɓalle wa Yaya. "Waya iri ɗaya, makunni daban... ai kai ka fi kowa sanin wannan!"

"Na sani, rabin raina..."

Ya dubi ƙasa, ya dubi bayan mahaifiyarsa. Ya bi ta.

Bai sake dawowa ba.

Auta ta ci gaba da samun sauƙi, har ta kama aiki a wani kanti, tana dawowa da labarai cike da baki. Yaya kuwa sai ita da keke, in aka taɓa ƙofa ƙafarta ta tsaya cak.

Wani dare Auta ta farka.

Ƙas... ƙas... ƙas...

"Yaya?"

"Koma ki kwanta," ta ce, ba ta juyo ba. "In ya ƙone, ai dole a kira mai gyara."

Auta ta taso, ta ɗora tafinta a kan yatsan 'yar'uwarta. Fitila ta tsaya a kashe, suka tsaya cikin duhu kafaɗa da kafaɗa.

Ta tsallaken katanga aka ji an buɗe taga, muryar maƙwabciya ta ratso.

"Wai ni kam, yau kuma wacce ce a cikinku?"