Jitar Malam Madu

Sufeto Abdulbasit bai taɓa ganin dattijo yana hawaye a kan abin kiɗa ba, sai ranar da Malam Madu ya shigo caji ofis na Ɗambatta, ɗansa Khalilu na biye da shi.

"An sace mini jita, yallaɓai. Ta lantarki ce, mai tsirkiya goma sha biyu. Da ita na yi kiɗa a Kano ina saurayi. In ka ji ta sai ka rantse mutum biyu ke kaɗawa."

"Wa kuke zargi?"

Khalilu ya yi caraf. "Alhaji Fa'izu. Tsofaffin jitoci yake tarawa, kullum yana nacin a sayar masa."

Aka ɗauko Alhajin daga Kano yana ta zufa.

"Kun ce an bar akwatinta? Haba Sufeto! In babu akwatinta na asali ai rabin darajarta ta tafi. Da ni ne, shi zan fara ɗauka."

Sufeto ya ji maganar ta zauna. Ya nufi ƙauyen su Madu, ya zaga gidansu, sai ya ga tsani jingine da rumbu.

"Inna, kun fara ɗiban gero ne?" ya tambayi Amsa, matar Madu.

"Mu? Ba ma buɗe rumbu sai damina ta kusa."

"Ɓeraye na duba," in ji Khalilu, tun ba a tambaye shi ba.

Sufeto ya hau da kansa. Ga jita kwance a kan dammunan gero, ja wur, an naɗe ta da zane. Madu ya rungume ta, ya bi tsirkiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya sauke ajiyar zuciya. Amsa sai hamdala take yi.

Khalilu ya durƙusa. "Ni ne, Baba. Dangin Khairiyya za su zo binciken aure. Na ji tsoron su ce ɗan makaɗi ne ni, su hana ni."

"Shi ne ka ɗora wa bawan Allah sata?" in ji Sufeto, ransa a ɓace. "Tashi mu je ofis, ka ba shi haƙuri a gabana."

Suna kaiwa bakin zaure Madu ya ɗaga murya.

"Khairiyyar gidan Alhaji Mati?"

"Ita, Baba."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Kai, wawan yaro! Duk ranar da na kaɗa jitar nan, surukin naka ne ke fara tashi rawa."