Ƙofar Hagu ta Motar Baba

Baro kawai aka aike ni in aro. Gab da magariba ne, ina zaune ina kallon yatsun ƙafata babu dalili, sai Yaya ya leƙo ya ce, "Auta, tashi ka samo baro. Na ga ƙofar."

Auta yake ce mini har yau, da furfurata da teɓata. Shi kuwa duk layin makanikai Asali suke kiransa, domin ko allura za ka sayar masa sai ya jujjuya ta ya ce, "Asali ce?" Sana'arsa tayar da tsofaffin motoci, irin masu dogon hanci da fitilu kamar idon mujiya, waɗanda kamfaninsu ma ya manta ya taɓa ƙera su.

Ƙofar da yake nufi ta motar Baba ce, ta baya, ɓangaren hagu. Tun da Baba ya rasu Inna ta daina magana. Ba ciwo, ba kuka. A ba ta abinci ta ci, a ɗauke kwano ta bi shi da ido. Kullum da yamma sai ta fita tsakar gida, ta shiga matacciyar motar nan ta inda babu ƙofa, ta zauna a mazauninta na da. Yaya ya ƙudura cewa in motar ta tashi, aka zagaya da ita gari, Inna ma za ta tashi. Ya yi injin, ya yi kujeru, ya yi fenti ruwan madara. Ƙofa ce ta gagara. An kawo masa sabuwar ƙira, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce gwangwanin madara ne.

Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. A lokacin babu mai jin komai a gidanmu. Muna dai tashi muna kwanciya.

Filin da ake jibge matattun motoci yana bayan layin dogo. Warin tsatsa, baƙin mai, da robar da rana ta dafa. Tayar baro tana ƙiiƙii a gabana. Ko'ina ƙwarangwal: an ƙwaƙule fitilu, an zare wayoyi, an yagi kujeru. Mai gadi yana wanke ƙafa a bakin rumfarsa. Da Yaya ya nuna masa can ƙurya, sai ya ajiye butar.

"Ta ƙuryar nan? Ni dai ba na sayar da ita."

"Ta waye?"

"Ni ma tarar da ita na yi."

A ƙuryar motar take, ciyawa ta kai mata ƙugu. Irin ta Baba sak. Fitilunta lafiya, madubinta lafiya, ƙofofi a rufe, gilasai a ɗage. Duk mai hankali zai tambayi kansa: filin da ɓarayi ke sace ko murfin taya, me ya hana su wannan? Yaya bai tambaya ba. Shafa ta ya yi kamar wuyan doki, ya ce, "Auta, asali ce."

Gilasan sun yi gumi. Daga ciki.

Ya ja hannun ƙofar, ta buɗe ba ƙara. Wata iska mai ɗumi ta fito, irin ta ɗakin da aka kwana a ciki ba a buɗe taga ba. Ya sa sifana. Notikan da ya kamata su yi gardama suka kwance kamar an shafa musu giris da safe. Da muka ɗora ƙofar a baro, na ji an yi ajiyar zuciya a bayana. Doguwa, ta mai gajiya.

Na ce, "Yaya, ka ji?"

"Sifirin ne yake saki. Tura."

Ya kankare ta, ya fesa mata fenti ruwan madara, ya ɗaura. Ta zauna daram. Da yamma Inna ta fito, ta buɗe, ta shiga, sai ta matsa tsakiya. Ta bar wurin jikin ƙofa fili.

Muna tsaye muka ji muryarta. "Lafiya lau. Da sauƙi. Kai fa?"

Yaya ya dafe kafaɗata har ta yi zafi. Washegari ta yi dariya, irin wadda take rufe baki da gefen mayafi. Muka ce alhamdulillahi, gyara ya yi. Cewa abincinta ya fara dawowa ba a taɓa ba, da cewa tafin hannunta ya koma kamar ƙarfen da ya kwana a waje, wannan mun gani, amma mun ajiye shi gefe. Motar ma ta fara karkata hagu. Yaya ya kwanta ƙarƙashinta ya canza sifirin. Ta sake karkata. Ya sake canzawa, yana zagin wanda ya sayar masa. Makanike ko aljani ya gani, sai ya fara duba taya.

Ranar zagayawa ta zo. Yaya a sitiyari, ni a gefensa, Inna a baya, a tsakiya. Rana ta yi ja. Injin yana gurnani a hankali, kamar kyanwa.

Mun wuce gidan mai, sai gilasai suka fara gumi.

Ƙas. Makullin ƙofar hagu ya faɗa da kansa.

Ɗumin nan ya cika motar. Warin ɗakin da aka kwana a ciki.

A mararraba Yaya ya karya dama. Motar ta yi hagu.

"Yaya."

"Na sani," in ji shi, can ƙasan maƙoshi. "Kada ka waiwaya."

Ban waiwaya ba. Madubi na kalla. Inna ce kawai, da kujerar gefenta da ta lotsa har ƙasa.

"Ya ce sanyi ya dame shi tun da kuka ɗauke masa ƙofa," in ji Inna, kamar mai ba da labarin maƙwabci. "Ya ce can akwai wuri. In je mu zauna."

Muka tsallaka layin dogo. Rumfar mai gadi babu kowa, buta a kife. Injin ya mutu a ƙuryar, daidai gefen waccan motar. Ramin ƙofarta baƙi ƙirin.

Ƙofarmu ta buɗe.

Hannun Inna ya miƙe, kamar an riƙe shi. Ta zuro ƙafa ɗaya waje.

Na haura kujera na rungume ta ta baya. Tsohuwar da nake ɗagawa da hannu ɗaya, ga ta tana jana.

"Sifana!" in ji Yaya. A aljihunsa take. Bai taɓa fita babu ita ba, ko gaisuwar mutuwa.

Ƙarar ƙarfe. Numfashinsa. Numfashin da ba nasa ba.

Ya ciro ƙofar, ya rungume ta, ya kai ta bakin ramin. Ya ɗaure notin sama. Ya lalubi aljihu. Ya lalubi ciyawa.

"Noti ɗaya ya faɗi."

Takalmin Inna ya taɓa ƙasa.

Daga cikin duhun motar wani hannu ya fito. Dogo, siriri, gaɓoɓinsa sun fi namu yawa. Noti a tafinsa.

Yaya ya karɓa. Wallahi har ya ɗaga shi ya duba.

Ya ɗaure.

Wata murya ta ce, dab da kunnensa, "Fentin nan ba nawa ba ne."

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe."

Aka ja ƙofar daga ciki. Ƙas.

Inna ta faɗo jikina, ba nauyi. Da hannu muka turo motar Baba har gida, tana zaune a ciki, iska na kaɗa mayafinta ta inda babu ƙofa.

Yanzu Yaya gwangwanin madarar nan ya ɗaura, kuma in ya je sayen kaya, tambayarsa ta canza. "Akwai mai shi?" yake cewa.

Inna ta koma cin abinci, ta koma shirunta. Tana fita da yamma, tana matsawa tsakiya. Sau ɗaya ta yi magana, ina tsaye ina goge gilashi, ba ta ko dube ni ba.

"Shi dai mai ƙofar can yakan tambaye ni yadda na wuni."

Na tsaya da tsumma a hannu. Sai na buɗe ƙofar na shiga, na zauna a wurin da ta bari.

Har yau motar tana ɗan karkata hagu da yamma. Yaya ya duba, ya ce wannan karon teɓata ce.